Uwargida, Kin San Abin Da Ke Cikin Ƙurar Ƙofar Gidanki?

Yau ba girki za mu yi ba, ba kuma ɗinki ba. Maganar ƙasa na zo muku da ita, ƙasar nan ta ƙofar gida wadda ake sharewa kowace safiya, kafin la'asar ta dawo kamar ba a taɓa sa mata tsintsiya ba.

Abin da ya jawo maganar kuwa, kwanan baya na je barka gidan wata 'yar'uwata a cikin birni. Gidansu na bakin titi ne, daga zaure in kin miƙa ƙafa sai kwalta. Na tarar an shimfiɗa buhuna a gefen titi an baza tattasai da yankakkiyar kuɓewa ana shanya. Gefe guda 'yar gidan tana suyar awara, 'yan Adaidaita Sahu suna wucewa suna bulbula mata hayaƙi. Ƙaninta mai rarrafe kuma yana gindin bango, ya damƙi ƙasa ya kai baki, ya sake damƙa. Na ce don Allah a ɗauke yaron nan. Kakarsa ta yi dariya ta ce, "Ƙyale shi 'yar nan, wa ya girma bai ci ƙasa ba?" Ban yi mata musu ba, gama gaskiyarta ne, dukkanmu mun ci. Sai dai ƙasar da Iya ta ci tana yarinya, lokacin da jakuna da kekuna suka fi motoci yawa a cikin birni, ba ita ce jikanta yake ci yau ba.

Abin da ya sauya ta shi ne dalma. Dalma dai kun san ta, ƙarfen nan mai nauyi mai laushi mai launin toka, wanda ke cikin batirin mota, wanda kuma masu gyaran rediyo ke narkawa su yi like da shi. To, me ya haɗa dalma da ƙasar ƙofar gida? Ku biyo ni.

A shekarar 1921 wani injiniya na kamfanin General Motors a Amurka, mai suna Thomas Midgley, ya gano cewa idan aka ɗiga wani ruwan magani mai dalma a cikin fetur, injin mota yakan daina ƙwanƙwasa ya riƙa tafiya sumul. A 1923 aka fara sayar da irin wannan fetur. Ba a je ko'ina ba aka ga sharrinsa, domin a 1924 ma'aikata biyar suka haukace suka mutu a wata masana'antar haɗa maganin a jihar New Jersey, wasu da dama kuma aka kwantar da su asibiti. Duk da haka ba a fasa ba, saboda akwai kuɗi a ciki. Fetur mai dalma ya game duniya, har ya iso mana.

'Yan makaranta, ku tambayi kakanninku labarin Udoji. A 1975, da aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan tare da bashin watannin baya, sai kowa ya tasam ma babur da mota. A shekarar ne kuma aka fara harhaɗa motar Peugeot a Kaduna. Tasi da kiya-kiya da hayis suka cika gari. Daga baya acaɓa ta zo ta rufe ko'ina, har ta kai in kika tsaya a Ƙofar Mata da yamma sai ki ga shuɗin hayaƙi ya tokare hanya, idanu suna yaji. Shuɗin nan na baƙin mai ne wanda injin babur ke ƙonawa tare da fetur. Ita dalmar ba a ganinta, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗanon da za ki ji a abinci. Amma duk litar da aka ƙona a waɗannan shekaru, yawancin dalmar da ke cikinta ta salansa take fita, ƙanana ƙanana fiye da garin kwalli, ta ɗan yi yawo a iska, sa'an nan ta sauka a gefen titi.

An yi shekaru ana haka kafin a farga. A 2001 wakilan ƙasashen Afirka suka taru a Dakar ta ƙasar Senegal suka yi alkawarin rabuwa da wannan fetur, kuma zuwa farkon 2006 ƙasashen kudu da Sahara, har da Nijeriya, sun daina sayar da shi. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, ita sai a 2021 ta daina. Watau man da maigida yake sha a babur ɗinsa yau ba a zuba masa dalma. Alhamdu lillahi.

Sai wata ta ce, to ai magana ta ƙare. Ina! Nan ne ma ta fara. Ganye yakan ruɓe, kashin dabba yakan zama taki, ko ƙarfen kwano tsatsa takan cinye shi. Dalma ba ta ruɓewa. Inda ta sauka nan take zama, ta manne wa ƙasar sama, da wuya ta nutsa fiye da taƙi guda in ba an yi haƙa ba. Rana ba ta ƙone ta, damina ba ta narkar da ita. A Ingila tun ƙarshen 1999 aka hana fetur mai dalma, amma a 2021 masana na Imperial College suka auna iskar Landan suka tarar har kashi 40 cikin 100 na dalmar da ke yawo a cikinta ragowar tsohon fetur ɗin nan ce, wadda iska da tayoyin motoci ke ta tayarwa daga ƙasa tana komawa. Landan fa ke nan, inda ruwa ke sauka kusan duk shekara, ko'ina kuma an rufe shi da siminti ko ciyawa. Ina ga Kano, inda mukan yi wata bakwai ko fiye ba ɗigon ruwa, ga hunturu, ga gefen titi duk ƙasa ce tsirara?

Kuma kada ku ɗauka motocin yanzu ba sa zubar da kome. Kun taɓa tambayar kanku ina tayar mota take tafiya in ta suɗe? Sabuwa aka saya mai zane raɗau, bayan shekara ta zama kamar tafin hannu. Abin da ya ɓace ɗin nan yana kan titi, ya zama gari, a cikinsa kuwa akwai tutiya da ɗan wani ƙarfe mai guba da ake kira kadmiyom, wanda in ya taru a jiki yakan lalata ƙoda ya raunana ƙashi. Birki ma haka, duk takawa sai ya ci, yana zubar da garin tagulla. Ga baƙin man da bakanike ke tsiyayarwa a ƙasa ko a kwata. Ga masu gyaran batir da ke fasa tsohon batir a bakin hanya su zubar da ruwansa su narka dalmarsa a fili, wannan kuwa ya fi duk sauran muni. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a watan Janairun 2013, amma Adaidaita Sahu, wadda aka kawo zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau domin mu mata mu huta da hawa bayan babur, ta maye gurbinta ta kuma ninka. Mun gode da ita, ba na ce a ɗauke ta ba. Sai dai ita ma tana da taya, tana da birki, tana da salansa.

Masana na Jami'ar Bayero da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun sha ɗibar ƙasa da ƙura da ciyawa daga gefen titunan Kano su kai ɗakin gwaji. Abin da sukan tarar bai saɓa wa na sauran manyan biranen duniya ba: inda motoci suka fi cunkushewa, nan dalma da tutiya da tagulla da kadmiyom suka fi yawa, inda ba hayaniya kuma sukan ragu.

To, a nan ne zaman cikin birni ya bambanta da na waje. Ganuwar nan da Sarki Gijimasu ya fara ginawa tun ƙarni na 12, ba don mota aka yi mata ƙofofi ba. Ko da yake an faɗaɗa yawancinsu, har an yi gadar sama a Ƙofar Nasarawa, har yanzu mai shiga birni da mai fita akasari sai sun bi ta ƙofa, ko Ƙofar Mata, ko Ɗan Agundi, ko Na'isa, ko Gadon Ƙaya, ko Kabuga, ko Ƙofar Ruwa, ko Mazugal, ko Wambai. Kamar mazurari ne, kowa ta nan zai tsiyaya. Motar da ke tsayawa tana tashi, tana tsayawa tana tashi, ta fi mai wucewa fuu ƙona mai da cin birki. Ku dubi bakin Kasuwar Rimi da hantsi, ko Mandawari bayan la'asar, ko titin Aminu Kano daga Gwammaja zuwa Tal'udu, ku gaya mini.

Sa'an nan gidajenmu ba irin na Nasarawa ko Bompai ba ne, inda akwai katanga da fili da itatuwa tsakanin ɗaki da titi. A cikin birni tsaga tituna aka yi ta tsakiyar unguwannin da suka girme su da ɗaruruwan shekaru, aka yanke zaure nan, aka ci rabin soro can, har gida ya zama bango ɗaya ne tsakaninsa da kwalta. An daɗe da lura cewa dalma ta fi yawa a 'yan takun farko daga bakin titi, tana raguwa in ana nisa, kafin a yi taku hamsin ko sittin ta ragu ƙwarai. An kuma lura gindin bango yakan tara ta, domin ƙura takan bugi bango ta manne, ruwan sama ya wanko ta ya ajiye a ƙasa. Gindin bangon nan kuwa shi ne inuwa, nan yara ke wasan 'yar tsana da gidan ƙasa, nan mai talla ke sauke farantinta. Ke da gidanki ke can ƙuryar lungu inda ko Adaidaita ba ta shiga, kin fi samun sauƙi, wannan karon dai lungu ya yi rana. Ke kuwa da ke cikin kulle a gidan bakin titi, kada ki ce ba ruwanki tun da ba kya fita. Ƙurar tana biyo takalmin maigida, da ƙafar yara, da taga, da iskar hunturu, ta zo ta same ki har kan gado.

Yanzu bari mu zo kan yaro, domin shi ne abin ji. Babba in ya haɗiyi dalma, kaɗan jikinsa ke riƙewa, saura ta fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙaramin yaro yakan tsotsi ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotsa. Ga shi shi ne mai rarrafe, shi ne hancinsa ke kusa da ƙasa, shi ne kome ya samu sai baki. Jiki kuma ba ya bambanta dalma da sinadarin da yake gina ƙashi da haƙori da shi, sai ya karɓe ta hannu biyu ya kai ta jini, ya kai ta ƙwaƙwalwa, ya adana saura a ƙashi. Ƙwaƙwalwar yaro daga ciki zuwa shekara biyar ko shida gini ake yi, abin da ya karkace a lokacin kuwa da wuya ya miƙe. Shi ya sa hukumar ta ce babu wani ɗan adadin dalma a jinin yaro da za a ce wannan ba kome.

Akwai wani likitan yara a Amurka, Herbert Needleman, wanda ya yi wata dabara da ta burge ni. Kun san in yaro ya yi famfara mukan ce ya rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin. Shi kuwa likitan nan haƙoran ya bi ya tattara, na yara fiye da 2,000 'yan aji ɗaya da aji biyu a wasu garuruwa biyu kusa da Boston, domin haƙori yana riƙe da shaidar dalmar da ta shiga jikin mai shi. Ya kuma ba malamansu takarda su faɗi halin kowane yaro a aji, ba tare da sun san abin da aka gani a haƙorinsa ba. Da ya bayyana sakamakon a 1979 sai ga shi yaran da haƙoransu suka fi dalma su ne suka fi kasa natsuwa, suka fi kasa bin umarni, suka fi baya a gwajin basira. Ba kuwa marasa lafiya ba ne, ba wanda ke kwance a cikinsu. Suna ci suna sha suna guje-guje.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna. Da a ce gubar nan zazzaɓi take sawa ko ƙuraje, da tuni mun tashi tsaye. A'a, sata take yi a ɓoye. Yaro ya ƙi zama wuri ɗaya, a biya masa karatu sau goma ya manta, a makarantar boko a ce daƙiƙi ne, a ta allo a sa masa bulala, a gida uwa ta ce halin dangin ubansa ne, uba ya ce na dangin uwa ne. Ban ce duk yaron da karatu ya yi wa wuya dalma ce ba, sam. Dalilai suna da yawa. Amma a 2020 Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, watau har miliyan 800, yana da dalma a jini da ta kai matsayin da ya kamata a bincika. Ba mu da hujjar cewa namu ba sa ciki.

Mai juna biyu ma ta saurara. Dalmar da ta shiga jikinki kina yarinya tana nan kwance a ƙashinki. In kin sami ciki, jiki yakan ɗebo abin gina ƙashin jariri daga naki, sai dalmar ta biyo, ta ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi. Takan jawo hawan jini, da haihuwar bakwaini, da jariri maras nauyi. Saboda haka mai kwaɗayin cin ƙasa ko ɓantarar bango in tana da ciki, don Allah ta daure ta bari, ta kuma gaya wa ma'aikatan awo, domin sau da yawa wannan kwaɗayi alamar ƙarancin jini ne, maganinsa kuma yana nan a wurinsu.

Na san in aka ce gubar dalma zuciyar kowa Zamfara take tafiya. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, da jijjiga da suma. Aƙalla yara 400 aka rasa, Allah Ya sa masu ceto ne. Dutsen zinariya mai cike da dalma ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, har a wasu wuraren kashi ɗaya cikin goma na ƙasar da aka auna dalma ce. Ƙasar bakin titin Kano ko kusa ba ta kai wannan ba, kada wata ta kasa barci. Amma hanyar da gubar ta bi ɗaya ce: daga ƙasa zuwa hannu, daga hannu zuwa baki. Yadda aka yi maganin abin a can ma akwai darasi. Ba a tsaya ga ba yara magani ba, sai da aka bi gida gida aka kankare ƙasar sama aka kai rami aka binne, aka zuba sabuwa, don an san in yaro ya warke ya koma kan tsohuwar ƙasa, aikin banza aka yi.

To, mu me za mu yi, tun da ba za mu ɗauke gida daga bakin titi ba?

Mu fara da shanya, gama ita ce ta fi ba ni takaici. Kwalta tana da zafi, tana busar da kaya da wuri, shi ya sa muke son ta. Amma tattasai da tumatir da kuɓewa da aka yanka suna da danshi da yauƙi, duk ƙurar da ta sauka a kansu ta zauna ke nan. In sun bushe daka su za a yi, ba mai wanke garin kuɓewa. Haka gari da tsaki da dusar da za a ba akuyar da muke tatsa. Kuma ku riƙe wannan da kyau: tafasa ba ta kashe dalma. Wuta ƙwayar cuta take kashewa, dalma kuwa ba rai gare ta ba balle ta mutu, ko kin kwana kina dafa miyar tana nan. A kai shanya kan soro ko tsakar gida, a ɗora a kan tebur ko gado, a rufa da yadi mai shara-shara. In za ki sayi busasshen kayan miya, wanda ba a daka ba ya fi, ki ɗauraye shi ki sake shanyawa a gida kafin ki kai turmi.

Sai shara. Tsintsiya a busasshiyar ƙasa ba kawar da ƙura take yi ba, tayar da ita take yi, mai shara ya shaƙa, saura ta sauka a randa da kwanon abinci. A yayyafa ruwa tukuna, ko da ruwan ɗauraya ne. Kada a yi shara jariri na goye a baya ko yana zaune kusa. Yaron da ke share mana ƙofar gida, ko ɗanki ne ko almajirin gidan, shi ma ɗan wani ne, a ba shi ruwan yayyafi, in ya gama a ba shi sabulu. Cikin ɗaki kuwa tsumma mai laima ya fi kaɗe-kaɗe, a goge leda da bakin taga da shi, a wanke tsumman. Takalmi ya tsaya a bakin ƙofa kamar yadda iyayenmu suka koya mana, ashe ba ladabi kaɗai ba ne.

Gindin bangon nan na waje, in da hali a roƙi maigida ya sa a shafe shi da siminti. In babu, ko yashi mai tsabta aka zuba da kauri ya rufe tsohuwar ƙasar, an rage. Mai rarrafe a shimfiɗa masa tabarma a cikin gida, a riƙa wanke masa hannu da sabulu kafin ya ci wani abu da kuma kafin barci, a yanke masa farce, a wanke abin wasansa. Na san mai 'ya'ya biyar za ta ce ina lokaci. Gaskiya ne. Amma yayyensa mata 'yan makaranta ga aikinku nan.

Abinci ma garkuwa ne. Cikin da ba kome ya fi tsotsar dalma, haka jikin da jini ya yi wa ƙaranci. Kada a bar yaro ya fita wasa ko makaranta bai karya ba, ko koko da ƙosai ne. Wake, zogale, miyar kuka, nono, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, ɗan nama ko hanta in an samu, da lemo ko gwaiba, duk suna cike gurbin da dalma ke neman shiga. Ba sa fitar da wadda ta riga ta shiga, amma suna rage mai shigowa.

Ganye kuwa sai an yi hattara ta wani gefen. Damina takan wanke titunan birni ta zuba a kwata, kwata ta kai Jakara, a gaba kuma ruwan masana'antun Bompai ya haɗu da ita ta rafin Getsi, da wannan ruwa ne masu lambu da yawa ke ban ruwan latas da alayyafo da kabeji da karas. Ki wanke ganye ɗaya ɗaya cikin ruwa mai yawa, ki sauya ruwan sau biyu ko uku, ki yar da ganyen waje na kabeji, ki kankare karas. Wanki yakan fitar da ƙurar da ke bisa, amma abin da ganye ya sha ta saiwa, kamar kadmiyom, ba ya fita, don haka in kin san inda mai kayan gwarinki yake saro kayansa ya fi. Wadda kuma ta shuka zogale ko rama a bakin kwata a ƙofar gida, gara ta mai da shukar cikin gida a tukunya ko buhu, da ƙasar da aka ɗebo daga gona.

'Yan mata masu talla da masu suya, ba zan ce ku bari ba, na san da ribar nan ake sayen littafi, da ita ake tara kayan ɗaki. Amma ku rufe kayanku. Awara da ƙosai da waina da gurasa duk maiƙo gare su, maiƙo kuwa abokin ƙura ne. Faranti mai murfi, ko bokitin roba mai haske, ko ƙaramin akwatin gilashi. Ku matsa daga bakin kwalta ku shiga bakin lungu, mai son kayanku zai biyo ku. Ku da kuke wuni a wurin kun fi mai saye shaƙa.

Wadda mijinta bakanike ne, ko mai faci, ko mai gyaran batir, ko mai fenti, ko ɗan gwangwan, ta lallashe shi ya riƙa sauya kaya a wurin aiki, in ya dawo ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro. Kayan aikinsa a wanke su daban, kada a haɗa da na goyo. Tsohon batir kuma, na mota ko na sola, ba abin ajiyewa a tsakar gida ba ne, balle a mai da kwankonsa mazubin ruwan kaji.

Tun da muna maganar dalma, ba zan wuce ban taɓo kwalli ba, ko da za ku yi fushi da ni. Kwallin dutse mai ƙyalli ɗin nan, yawancinsa dutsen dalma ne. A 2011 likitoci a Boston suka ga dalma ta hau a jinin wani jariri ɗan wata shida wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, aka bincika gidan kaf ba a ga dalili ba sai kwallin da ake sa masa, da aka auna shi kuwa kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Jariri yakan murza ido ya tsotsi hannu. Ke babba ki yi shawara da kanki, amma idon jariri a bar shi yadda Allah Ya yi shi.

In kin ga yaro yana yawan ciwon ciki da taurin bayan gida, ya ƙi abinci, ya ɗashe, ya cika fushi, ko ya koma baya a magana ko tafiya, ki kai shi Asibitin Murtala ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero. Ki buɗe baki ki gaya wa likita cewa gidanku a bakin titi yake, ko kusa da masu batir, ko yaron yana cin ƙasa, domin waɗannan alamu sun yi kama da na cututtuka da yawa, gwajin jini ne kaɗai ke tabbatar da dalma. In jijjiga ce ko suma, kada a tsaya hayaƙi da jiƙe-jiƙe, a tafi nan take.

Ba duka ne aikinmu ba, kada a ɗora wa mata kayan da ba nasu ba. Shafe gefen titi, da dasa itatuwa, da kwashe ƙasar da ake tarawa in an yashe kwata maimakon a bar ta ta bushe iska ta mai da ita gidaje, da tayar da masu fasa batir daga tsakiyar unguwa, duk na hukuma ne. Amma hukuma sai an taɓa ta take juyowa. Ku gaya wa mazanku su kai maganar gaban mai unguwa da kansila, ku ma ku tayar da ita a Islamiyya da wurin biki.

'Yan makaranta, ga ɗan gwaji ku yi ranar Asabar. Ku sami fararen faranti biyu, ku shafa wa kowanne ɗan man shafawa. Ku ajiye ɗaya a tagar da ke duban titi, ɗaya a ƙuryar tsakar gida inda kaji ba za su hau ba. Ku bar su daga safe zuwa magariba, sa'an nan ku goge kowanne da farin ƙyalle ku kai wa Iya ta gani da idonta. Ba za ku ga dalmar ba, wannan sai ɗakin gwaji, amma za ku ga yawan abin da ke sauka a kan shanyarmu da abincinmu a wuni guda. Wadda ta yi, ta rubuto mana abin da ta gani, da sunan unguwarsu, da ko taku nawa ne daga ƙofar gidansu zuwa kwalta.